Karatun Zanen Farashi da Hannun Jarin Kamfanonin Fasaha: Abin da Gwaji Ya Nuna

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Sheme ko ta 'Yankara a ƙasar Faskari, ko kasuwar Ɗandume da ke maƙwabtaka da Sabuwa, a lokacin kaka, ya ga yadda buhunan masara da dawa da waken suya suke tsibi-tsibi, manyan motoci suna lodi zuwa Dawanau a Kano da kuma kudancin ƙasar nan. Ya kuma ga wani rukuni na mutane waɗanda ba su ne suka noma hatsin ba, ba kuma su ne za su ci shi ba, amma suna saye suna kai wa sito. Waɗannan su ne 'yan ajiya. Lissafinsu tsoho ne, kuma kowa ya san shi: hatsi yana araha da kaka, yana tsada idan damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa.

A 'yan shekarun nan an sami wani sabon irin ɗan kasuwa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wanda ba shi da sito, ba shi da buhu ko ɗaya. Kasuwarsa tana cikin wayarsa. Galibi matashi ne, ɗalibi ko malamin makaranta ko mai shagon cajin waya, kuma abin da yake kallo dare da rana shi ne wani zane mai layuka kore da ja, wanda yake nuna hawa da saukar farashin hannun jarin wani kamfani, ko kuɗin wata ƙasa, ko kuɗin intanet irin su Bitcoin. An koya masa cewa wanda ya iya karanta wannan zane zai san inda farashi zai dosa gobe. Kuɗin da yake sakawa kuwa sau da yawa kuɗin taki ne, ko na ɗan maraƙin da aka sayar, ko kuɗin rajistar makaranta. Manufar wannan maƙala ita ce duba wannan da'awa da ma'aunin da kimiyya take duba kowace da'awa, sa'an nan a yi bayanin yadda ake kimanta kamfanin fasaha idan an ajiye zane a gefe.

Mazhabobi biyu

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saye shi ya zama abokin tarayya, yana da rabo a cikin riba, yana kuma da rabo a cikin hasara. A Nijeriya an kafa kasuwar cinikin hannayen jari a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Masu ciniki a irin wannan kasuwa sun kasu kashi biyu wajen yanke shawara. Kashi na farko suna nazarin asalin kamfanin ne, wato me yake sayarwa, nawa yake samu, nawa ake bin sa bashi. Kashi na biyu suna cewa duk wannan wahala ce, domin duk abin da ake buƙatar sani ya riga ya bayyana a tarihin farashi. A ganinsu Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma zanen farashi shi ne Larabar.

Abin sha'awa shi ne, karatun zane daga kasuwar hatsi ya samo asali. Zanen nan mai siffar kyandir, wanda kowane kyandir yake nuna farashin buɗewa da na rufewa da mafi tsada da mafi araha na yini guda, ana jingina shi ga fataken shinkafa na ƙasar Japan, musamman wani attajiri mai suna Munehisa Homma wanda ya rayu a ƙarni na 18, zamanin da kasuwar shinkafa ta Dojima a birnin Osaka take tashe. A Amurka kuwa Charles Dow, wanda yana cikin waɗanda suka kafa jaridar Wall Street Journal a 1889, shi ne ya aza harsashin nazarin. Daga nan aka yi ta ƙirƙiro alamomi. Akwai daɓe, wato farashin da ake cewa idan an faɗo kansa ba a wuce shi. Akwai rufi, wanda ake cewa idan an hau an taɓa shi sai a dawo. Akwai siffar kai da kafaɗu biyu, wadda ake ɗauka alamar faɗuwa ce. Akwai kuma matsakaicin farashi na kwana 50 da na kwana 200, inda ake cewa idan gajeren ya tsallake dogon ta sama to lokacin saye ya yi.

Dalilin da ya sa lissafin ɗan ajiya yake ci

Kafin a yanke wa zane hukunci, ya kamata a tambaya: me ya sa lissafin ɗan ajiyar Ɗandume yake yawan yin daidai? Amsar tana cikin ilimin halittu. Masara tana buƙatar kwana 90 zuwa 120 kafin ta nuna, kuma a wannan yanki ruwan sama yana zuwa ne a lokaci guda a shekara, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko Oktoba. Saboda haka amfanin shekara gaba ɗaya yana shigowa kasuwa cikin 'yan makonni, alhali cin abinci kullum ne. Manomi kuma yana da bashin taki da na 'yan ƙwadago, ga biki ga suturar iyali, dole ya sayar a lokacin da kowa yake sayarwa. To amma wannan kaɗai bai isa ya sa bambancin farashi ya dawwama ba. Abin da ya sa ya dawwama shi ne ajiya tana da tsada. Sai an biya hayar sito, an sayi buhu da maganin ƙwari, an jure ɓarnar ɓeraye da raguwar nauyi yayin da hatsi yake ƙara bushewa, sa'an nan jarin mutum ya kwanta wata shida ko bakwai ba ya juyawa. Ribar ɗan ajiya ladan wannan ɗawainiya ce. Da a ce ajiya kyauta ce, kuma kowa yana da jari, da kowa ya saye da kaka har farashin kaka ya tashi ya kama na damina, ribar ta ɓace.

To wannan shi ne ainihin halin da hannun jari yake ciki. Ba ya ruɓewa, ƙwari ba sa cin sa, ba ya buƙatar sito, kuma masu cinikinsa sun haɗa da manyan bankuna da kwamfutoci masu saye da sayarwa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Idan da akwai wata alama a zane wadda take nuna tabbas cewa farashi zai tashi ranar Alhamis, masu jari za su saye tun Laraba, sai ya tashi ranar Laraba. Da sun gane haka sai su saye ranar Talata. Haka za a yi ta yi har alamar ta cinye kanta. Abin da zai rage yana motsa farashi shi ne sabon labari, sabon labari kuwa shi ne abin da ba a sani ba jiya.

Ko a kasuwar hatsi ma, lissafin yakan ci tura idan labari ya shigo daga waje. A watan Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na tsawon kwana 150. Waɗanda suka cika sito da kakar 2024 suna jiran tsadar da suka saba gani, da yawansu sun wayi gari a 2025 farashi ya yi ƙasa da yadda suka saya. Babu tarihin farashin da zai iya nuna musu wannan tun da wuri, domin a ofis aka yanke shawarar, ba a gona ba.

Garin fure, sauro da farashi

A shekarar 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan mai suna Robert Brown ya zuba garin fure a cikin ruwa, irin wanda manomi yake kira bununi a jikin gero, ya duba da madubin ƙara girma. Sai ya ga ƙananan ɓarɓashin da suka fito daga garin suna ta rawa, suna tafiya nan da can ba tsayawa. Da farko ya zaci alamar rai ce, amma da ya gwada da garin dutse sai ya ga irin wannan motsi. Sai a 1905 Albert Einstein ya bayyana dalili: ƙwayoyin ruwa waɗanda ido ba ya gani su ne suke dukan ɓarɓashin ta kowane ɓangare, kuma kowane duka ba shi da alaƙa da wanda ya gabace shi. A wannan shekara dai Karl Pearson, wanda yake nazarin yadda sauro yake bazuwa a fili, ya aika wa mujallar Nature tambaya game da mutumin da zai yi taku, ya juya ta inda ya ga dama, ya sake yin taku, har sau da yawa. Daga wannan tambaya aka sami sunan abin da za a iya kira tafiya marar alƙibla.

Shekara biyar kafin Einstein, a 1900, wani ɗalibin lissafi a birnin Faris mai suna Louis Bachelier ya riga ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen bayanin farashi a kasuwar hannayen jari ta Faransa, sai dai aikin nasa ya daɗe a kwance ba a kula shi ba. A 1953 Maurice Kendall na Ingila ya tattara jerin farashi na hannayen jarin masana'antun ƙasarsa, da na alkama a Cikago, da na auduga a Niyok, yana neman zagayen da ake cewa farashi yana yi. Bai same shi ba. Abin da ya gani shi ne canjin wannan mako kusan ba ya faɗin komai game da canjin mako mai zuwa. Manoman auduga na Daudawa da masu kai ta injin gurza a Funtuwa za su fahimci nauyin wannan magana.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai karatu shi ne wannan: tafiya marar alƙibla, idan aka zana ta a takarda, ba ta fitowa a hargitse kamar yadda ake zato. Tana fitowa da tuddai da kwaruruka, da doguwar hawa da doguwar gangara, da daɓe da rufi, har da kai da kafaɗu. Ido yana ganin tsari a inda babu shi.

Wannan rauni na ido ba wauta ba ce, halitta ce. Dabbar da ta ji motsi a cikin ciyawa ta gudu, alhali iska ce, ba ta yi hasarar komai ba sai ɗan numfashi. Wadda ta tsaya tana cewa iska ce, alhali maciji ne, ta rasa ranta. Saboda haka ƙwaƙwalwa ta fi karkata ga ganin alama ko da babu. A 1948 masanin ɗabi'ar dabbobi B. F. Skinner ya sa tattabaru masu jin yunwa a keji, ya shirya na'ura tana ba su abinci duk bayan daƙiƙa 15, ko da me suke yi. Shida daga cikin takwas suka ɗauki wata al'ada: wata tana zagaye ta hagu, wata tana cusa kai a kusurwar keji, kamar dai abin da take yi lokacin da abincin ya zo shi ne ya kawo shi. Masana na baya sun yi wa fassarar Skinner gyare-gyare, amma duk wanda ya taɓa ganin matashin da ya ci riba sau biyu bayan ya ga wata siffa a zane, ya kuma riƙe ta kamar laya, zai gane tattabarar.

Idan aka kai zane gonar gwaji

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ba a sakin sabon irin masara don ya yi kyau a fili ɗaya a damina ɗaya. Sai an shuka shi a wurare daban-daban, shekaru daban-daban, a gefen tsohon iri don a kwatanta. Dalili kuwa shi ne, idan aka shuka iri 100 waɗanda duk ƙarfinsu ɗaya, dole wani ya zo na ɗaya, ko don ya dace da wurin da shanu suka kwana. A ƙa'idar da masu bincike suka saba amfani da ita, cikin gwaji 100 na abin da ba shi da wani tasiri, kimanin 5 za su fito kamar suna da shi, don sa'a kawai.

An yi wa karatun zane irin wannan gwaji sau da dama. Tun a 1933 Alfred Cowles ya bi diddigin hasashen masu ba da shawara a Amurka, ya ga ba su fi mai canki-canki ba. A 1992 wasu masana uku, Brock da Lakonishok da LeBaron, suka gwada ƙa'idojin matsakaicin farashi da na daɓe da rufi a kan ma'aunin Dow Jones daga 1897 zuwa 1986, suka ga lalle ƙa'idojin sun nuna ƙarfi. Masu karatun zane suka yi murna. A 1999 sai Sullivan da Timmermann da White suka faɗaɗa gwajin zuwa ƙa'idoji 7,846, suka yi la'akari da cewa a cikin taro mai yawa haka ɗaruruwa za su haskaka don sa'a. Ƙa'idar da ta fi kowace ta tsaya da ƙafarta a cikin tsofaffin shekarun, amma da aka kai ta sabon fili, wato shekarun 1987 zuwa 1996, sai fifikon ya ɓace. Irin ya yi kyau a damina ta farko, bai maimaita ba.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da yake goyon bayan ɗaya ɓangaren. A 2007 Park da Irwin sun tattara bincike 95 na zamani, suka ga 56 sun sami riba a karatun zane, 20 sun sami hasara, 19 kuma sakamakonsu gauraye ne, duk da cewa su da kansu sun yi gargaɗi cewa yawancin binciken yana da matsalar zaɓen ƙa'ida bayan an ga sakamako, da raina kuɗin la'ada. Haka kuma a 1993 Jegadeesh da Titman sun nuna cewa hannayen jarin da suka yi fice cikin wata 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da ɗan fice na wasu watanni. Wannan bincike ya jure gwaji a ƙasashe da yawa. Sai dai a lura: ana samun wannan ne a matsakaicin ɗaruruwan kamfanoni cikin shekaru masu yawa, kuma yakan rushe farat ɗaya a wasu lokutan. Bai yi kama da abin da ake sayar wa matasa ba ko kaɗan, wato kallon zanen minti biyar na kamfani ɗaya.

Game da waɗannan masu cinikin yini, alƙaluman ba su da daɗin ji. Barber da Odean da abokan aikinsu sun duba bayanan kasuwar Taiwan daga 1992 zuwa 2006, suka ga ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne suke cin riba a kai a kai bayan an cire la'ada. A Barazil, Chague da abokansa sun bi waɗanda suka fara tsakanin 2013 da 2015, suka ga cewa a cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 cikin 100 hasara suka yi. Daɗewa ba ta koya musu komai ba. A 2018 hukumar kula da kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu cinikin caca kan bambancin farashi suna yin hasara. Babban abin da yake gaggauta hasarar shi ne cinikin aro. Alal misali, mutum ya ajiye naira 100,000, dillali ya ba shi damar ciniki da ninki 100, wato naira miliyan 10. Farashi ya goce da kashi 1 cikin 100 kacal, jarinsa ya ƙare ƙurmus. Ga kuma tambayar halasci da malamai suke yi a kan irin wannan aro, wadda ta cancanci maƙala ta daban.

To ina waɗanda ake nunawa sun yi daidai sau goma a jere? Idan mutum 1,024 suka yi canki sau 10 tsakanin hawa da sauka, ana sa ran ɗaya zai dace duka, ba don ya san komai ba. Mayaudari ma yana iya ƙera wannan da hannunsa. Ya aika wa mutum 1,024 saƙo, rabi ya ce musu zai tashi, rabi ya ce zai faɗi. Mako na gaba ya bar waɗanda ya yi wa kuskure, ya raba sauran 512 biyu. Bayan mako 5 yana da mutum 32 waɗanda suka ga ya faɗi gaskiya sau biyar ba kuskure, kuma a shirye suke su biya kuɗin shiga ajinsa. Mutanen Arewa sun ga MMM da ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamba 2016, sun kuma ga CBEX, wadda ta yi da'awar cewa ƙirƙirarriyar basira ce take yi mata ciniki, ta rufe a Afrilu 2025.

Yadda ake kimanta kamfanin fasaha

A ɗauka wani yana son sayen injin niƙa a Sabuwa, wanda bayan an cire kuɗin mai da gyara da ladan yaro yake barin naira 200,000 a shekara. Idan an yi masa kuɗi naira miliyan 1, zai mayar da jarinsa cikin shekara 5. Idan an ce miliyan 10, sai shekara 50. Wannan lissafi, wato raba farashi da ribar shekara, shi ne ma'auni na farko a kasuwar hannayen jari, kuma za a iya kiran sa ninkin riba. Kamfanonin fasaha sukan kai ninki 40 ko 50 ko fiye, wasu ma ba su da ribar da za a raba da ita. Mai saye a wannan farashi yana sayen alkawarin girma ne, saboda haka tambayar ita ce, har yaushe girman zai ci gaba?

A nan ma ɗakin gwaji yana da darasi. Ƙwayar bakteriya ta hanji takan rabu biyu duk minti 20 idan ta sami abinci da ɗumi. Da za ta ci gaba haka, cikin awa 24 zuriyarta za ta haura tan 4,000, cikin awa 48 kuwa za ta fi duniya nauyi. Hakan ba ya faruwa, domin abinci yana ƙarewa, dafi yana taruwa. Girman yana farawa a hankali, ya yi sauri, sa'an nan ya kwanta, kamar yadda Pierre Verhulst ya bayyana da lissafi a 1838. Haka kasuwa take. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a Agusta 2001, layukan waya a ƙasar ba su kai rabin miliyan da yawa ba. A ƙarshen 2020 layuka masu aiki sun haura miliyan 200, kusan daidai da yawan jama'a. Wanda ya ɗauki saurin shekarun farko ya shimfiɗa shi gaba ya yi kuskuren mai ƙirga bakteriya. Kamfanin da ribarsa take ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 a shekara zai ninka kusan sau 14 cikin shekara 10, sau 190 cikin shekara 20, kuma kaɗan ne ƙwarai suka taɓa yin haka.

Ma'auni na biyu shi ne bambanci tsakanin ciniki da riba. MTN Nijeriya ya shiga kasuwar hannayen jari ta ƙasar nan a 16 ga Mayu 2019 a kan naira 90, ya kuma sayar wa jama'a hannayen jari a Disamba 2021 a kan naira 169. Cinikinsa bai daina ƙaruwa ba, har ya haura naira tiriliyan 3 a 2024. Duk da haka ya bayyana hasarar kimanin naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024. Dalili shi ne da naira yake karɓar kuɗi, amma hayar turakun sadarwa da wasu basussukansa suna da alaƙa da dala, kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 a Mayu 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, sai kamfanin ya koma cin riba. Wanda ya karanta rahoton shekara na kamfanin ya ga bashin dala a rubuce tun kafin abin ya faru. Wanda yake kallon kyandir bai gan shi ba.

Na uku shi ne ko kamfanin yana da katangar da za ta kare shi daga abokan gasa. A 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wayoyin da ake sayarwa a duniya na Nokia ne, kuma a kasuwar Ƙanƙara ma ita ce sarauniya. A 2014 ta miƙa sashen wayoyinta ga Microsoft, teburan masu sayar da waya kuma Tecno da Itel suka cika su. Starcomms ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nijeriya a 2008, cikin 'yan shekaru ya durƙushe. Jumia ta shiga kasuwar Niyok a Afrilu 2019 a kan dala 14.50, ta haura dala 40 cikin makonni, ta faɗo ƙasa da dala 3 a Maris 2020. Kai, ko kamfanin yana da kyau, tsadar saye tana iya kashe riba. Ma'aunin Nasdaq ya kai 5,048 a 10 ga Maris 2000, ya faɗo zuwa 1,114 a Oktoba 2002. Intanet ba ƙarya ba ce, ta ma wuce abin da aka yi zato, amma wanda ya sayi Cisco a ƙololuwar wancan lokaci ya jira fiye da shekara 20 bai ga farashinsa ya dawo ba. A lura kuma, abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka kansa kafin ya koma inda yake.

Hendrik Bessembinder ya duba kamfanoni kimanin 26,000 na Amurka daga 1926 zuwa 2016, ya ga kashi 4 cikin 100 ne kawai suka samar da dukkan ƙarin arzikin da kasuwar ta kawo, fiye da rabi kuma ba su kai ribar takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci ba. Wannan ya yi kama da 'ya'yan ɗorawa: dubbai suke zuba a ƙasa, ɗaya ko biyu ne suke zama bishiya, kuma ba wanda zai duba ƙwaya ya ce wannan ce. Shi ya sa masu dogon tunani suke rarraba jari a kan kamfanoni da yawa, kamar manomin da yake haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya. Mai son kauce wa riba ta haram yana da ma'aunin Lotus na kamfanonin da suka dace da shari'a, wanda aka ƙaddamar a kasuwar Nijeriya a 2012, kuma ko wane dillali za a bi, a fara tabbatar da cewa yana da rajista da Hukumar Kula da Hannayen Jari ta Ƙasa.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da wurin da mutum yake zaune. A 27 ga Janairu 2025 hannun jarin Nvidia ya faɗi da kimanin kashi 17 cikin 100 a yini guda, saboda labarin wata manhaja daga ƙasar Sin mai suna DeepSeek. Mai cinikin aro yana buƙatar ya iya fita cikin daƙiƙoƙi a irin wannan rana. A Satumba 2021 kuwa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami sabis. Ɗan ajiya yana iya zuwa sito ya taɓa buhunsa. Wanda cinikinsa yake buɗe a waya a ranar da aka katse, sai dai ya ji labari daga baya.

Gwajin da ɗalibi zai iya yi

Ana buƙatar tsabar kuɗi guda, da fensir, da takarda mai layukan murabba'i. A fara da farashin ƙirƙira na naira 100. A jefa tsabar sama. Idan ta faɗi ta gaba a ƙara naira 1, idan ta faɗi ta baya a rage naira 1, a sa ɗigo a takarda. A maimaita sau 200, a haɗa ɗigogin da layi. Idan ɗalibai goma suka yi, kowa da nasa, za a sami zane goma. A haɗa su da zane goma na gaskiya da aka kwafo daga kasuwa, a goge sunaye da lambobi, a gauraya, sa'an nan a miƙa wa wanda ya ce ya iya karatun zane ya ware na gaskiya daga na tsabar kuɗi. Mai canki kawai ana sa ran zai dace a wajen 10 cikin 20, don haka sai ya wuce wannan da nisa, a kuma sake gwada shi da sababbin zane, kafin a ce ya nuna wani abu.

Burton Malkiel na Jami'ar Princeton ya ba da labarin irin wannan gwaji a littafinsa da ya fara fitowa a 1973. Ɗalibansa sun yi zane da jefa tsabar kuɗi, shi kuma ya kai ɗaya daga ciki ga wani abokinsa mai karatun zane. Mutumin ya duba ya ga siffar da ya sani, ya ce a gaggauta saye domin farashin yana gab da tashi, har ya nemi a faɗa masa sunan kamfanin. Da aka gaya masa daga inda zanen ya fito, bai ji daɗi ba.